Yadda ake auna aiki da riƙe linzaminsa a tsarin Ajayil

Tambaya biyu ce shugabanni ke yi wa duk tawagar da ke haɗa manhaja: ina aka kwana, kuma yaushe za a gama? A tsohon salon gudanar da aiki, amsar tana cikin takarda. Tun ranar farko an rubuta duk abin da za a yi, an yanka wa kowane mataki rana da kuɗi, saboda haka awo bai wuce a ɗora abin da ya faru a kan abin da aka tsara a ga tazarar da ke tsakani ba. Inda gizo ke saƙar shi ne takarda tana iya cewa an ci kashi 90 cikin ɗari, alhali babu maɓalli ɗaya da mai amfani zai danna ya biya masa buƙata. An gama zane, an gama rubutu, saura haɗawa da gwaji, kuma a cikin wannan "sauran" ne ɓarna take ɓuya.

Mutum 17 da suka haɗu a Snowbird, jihar Utah ta Amurka, a watan Fabrairun 2001 suka fitar da sanarwar Ajayil, wato salon haɗa manhaja kaɗan-kaɗan ana gyara tsari a hanya, sun san wannan ciwon. Cikin ƙa'idoji 12 da suka raka sanarwar akwai wadda ta ce manhaja mai aiki ita ce babban ma'aunin ci gaba. Wato gani ya kori ji. Ana yanka aiki zango-zango, mako biyu ko uku, bai dai wuce wata ɗaya ba a tsarin Scrum, ɗaya daga cikin hanyoyin aiwatar da Ajayil, a ƙarshen kowane zango kuma a fito da abin da za a iya taɓawa. To amma wannan bai ɗauke wa kowa lissafi ba. Ya dai canza abin da ake ƙirgawa.

Sai an daidaita a kan ma'anar "an gama"

Duk lissafin da zai biyo baya a kan wannan magana ya ɗoru. Idan mai rubuta manhaja ya ce ya gama yana nufin ta yi aiki a kwamfutarsa, mai gwaji kuma yana nufin ya jarraba bai ga aibi ba, to lambobin da za a tara ba su da ma'ana ɗaya. Shi ya sa tawaga take rubuta sharuɗɗan kammalawa ta manna inda kowa zai gani. Misali: wani abokin aiki ya karanta rubutun ya amince, an haɗe shi da babban reshe, wato ainihin rubutun manhajar da kowa ke zuba nasa a ciki, gwaje-gwaje masu gudana da kansu sun wuce, an ɗora shi a wurin gwajin da ya yi kama da na ainihi, an gyara bayanin yadda ake amfani da shi.

Kowane guntun aiki a kati ake rubuta shi. Katin aikin da ya cika sharuɗɗa huɗu cikin biyar ɗin nan, sifili ake rubuta masa. Mutane suna jin zafin wannan, don sun sha wahala a kai. Amma da zarar an fara ba da rabin lada ga rabin aiki, an koma gidan jiya, gidan kashi 90 cikin ɗari.

Maki da saurin tawaga

Yawancin tawagogi ba da awa suke kintata aiki ba, da maki suke yi. Ana ɗaukar ƙaramin aikin da kowa ya sani, a ce wannan maki 2 ne, sai a riƙa gwada sauran da shi: wannan ya ninka shi, wancan bai kai shi ba. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce ta katunan kintace, wadda James Grenning ya bayyana a 2002. Kowa yana riƙe da katuna masu lamba 1, 2, 3, 5, 8, 13, 20, 40, 100, a karanta aikin, kowa ya zaɓi nasa a ɓoye, sannan a buɗe lokaci ɗaya don kada ƙarami ya bi bakin babba. Tazarar lambobin tana faɗaɗa da gangan, domin duk wanda ya ce zai iya bambanta aikin maki 40 da na 41 yaudarar kansa yake yi. Ribar zaman kuwa ba ta cikin lambar. Tana wurin da ɗaya ya ɗaga 3, ɗaya ya ɗaga 13, aka tambaye su dalili, sai a tarar ɗayan ya san wani rami a rumbun bayanai da ɗayan bai taɓa jin labarinsa ba.

Jimillar makin da aka kammala a zango ita ake kira saurin tawaga. Amfaninsa ɗaya ne, hasashe. A ɗauka zango shida na baya sun ba da 21, 34, 25, 29, 18 da 31, aikin da ya rage kuma maki 210 ne. Matsakaicin ya ɗan haura 26, wanda zai ba ka zango 8. Kada ka kai wa shugaba lamba 8 ita kaɗai, don zai rubuta ta a matsayin alkawari. Ɗauki zango uku mafi kyau, matsakaicinsu wajen 31, zango 7 ke nan. Ɗauki uku mafi muni, wajen 21, zango 10. Amsar gaskiya ita ce tsakanin zango 7 da 10, wato mako 14 zuwa 20 idan kowane zango mako biyu ne, muddin ba a ƙara aiki ba, ba a kuma canza mutane ba. Sabuwar tawaga kuwa sai ta yi aƙalla zango uku kafin lambarta ta zama abin dogaro.

Daga nan ne ake fara ɓata rawa da tsalle. Shugaba ya ga 26, ya ce yana son 35 a zango mai zuwa. Zai same ta, ba tare da an ƙara komai ba: aikin da jiya ake ba shi 3 yau zai zama 5. Ko kuma a jera tawagogi biyu a allo, wannan tana da 60 waccan tana da 26, a yaba wa ta farko. Alhali kowace tawaga ita ta ƙera ma'auninta, makin wannan ba shi da alaƙa da makin waccan. Mafi muni shi ne a raba maki a kan mutum ɗaiɗai. Ranar da aka fara haka, ranar ƙwararre zai daina zama kusa da sabon shiga yana koya masa, don awa biyun da ya ba shi ba za su fito a lissafinsa ba. Masanin tattalin arziki na Birtaniya Charles Goodhart ya lura da irin wannan tun 1975 a harkar manufofin kuɗi, abin da aka riƙa taƙaitawa daga baya da cewa ma'aunin da aka mayar abin buri ya tashi daga ma'auni mai kyau. Ron Jeffries, ɗaya daga cikin mutum 17 ɗin nan, ya rubuta a 2019 cewa mai yiwuwa shi ne ya ƙirƙiro makin nan, in kuwa haka ne yana ba da haƙuri. Jagoran Scrum na 2020, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka rubuta, bai ambaci maki ko saurin tawaga ba ko sau ɗaya. Tun a bugun 2011 ma suka daina kiran abin da tawaga ta ɗauka a zango alkawari, suka mayar da shi hasashe.

Zane biyu da ake mannawa a bango

Zanen ragowar aiki shi ya fi shahara. Kwanaki a kwance, makin da ya rage a tsaye. Zangon kwana 10 mai maki 40 zai ba da layin da ke sauka maki 4 a rana idan komai ya tafi sumul, abin da ba ya faruwa. Siffar layin ake karantawa. Idan ya miƙe a kwance har kwana na takwas sannan ya faɗo lokaci ɗaya, ko dai katunan sun yi girma da yawa, ko kuma gwaji ake tarawa sai ƙarshe. Idan ya sauka da wuri ya tsaya, tawagar ta fara da masu sauƙi ta bar ƙashin a baya.

Rauninsa shi ne yana ɓoye ƙarin aiki. An gama maki 10, an shigo da sabon 10, layi bai motsa ba, mai kallo daga nesa ya ce zaune suke. Don haka a aikin da zai ɗauki watanni, zane mai layi biyu ya fi: ɗaya yana hawa da abin da aka gama, ɗaya a sama yana nuna jimillar abin da ake so. Inda za su haɗu nan ne ranar gamawa. Idan na sama yana hawa da saurin na ƙasa, ba za su taɓa haɗuwa ba, kuma kowa zai ga cewa maganar tana wurin masu ƙara buƙatu.

Awon da ya fi wuyar murɗawa

Maki ra'ayi ne. Ranar da kati ya shiga hannu da ranar da ya fita kuwa kalanda ce ta rubuta su. A kan wannan aka gina awon gudanar aiki, wanda ya samo asali daga tsarin Kanban da Taiichi Ohno ya raya a masana'antar Toyota, David Anderson kuma ya shigo da shi harkar manhaja a shekarun 2000. Abu huɗu ake bi: yawan aikin da aka fara ba a gama ba, yawan katunan da ake kammalawa a mako, kwanakin da kati ke yi daga farawa zuwa gamawa, da kuma shekarun katin da har yanzu yake hannu, wato kwana nawa ke nan da fara shi.

Uku na farko suna ɗaure da juna ta wata ƙa'ida da John Little ya tabbatar da ita a 1961. Matsakaicin kwanakin da aiki ke yi daidai yake da yawan abin da ke hannu a raba da yawan abin da ake gamawa. Tawagar da ke da kati 24 a buɗe, tana gama 6 a mako, kowane kati zai yi kimanin mako 4 kafin ya fita. Rage na hannu zuwa 12, ba tare da kowa ya ƙara awa ɗaya a ofis ba, jiran ya koma mako 2. Ƙa'idar tana da sharaɗi: abin da ke shigowa ya yi kusan daidai da abin da ke fita, kuma aikin da aka fara a gama shi, ba a yi ta jefar da shi a hanya ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle ashirin da huɗu.

Wannan ne ya sa iyakance aikin hannu shi ne linzami mafi ƙarfi da tawaga take da shi. A allon aiki, kowane ginshiƙi, wato kowane mataki da kati ke bi, ana rubuta masa lamba a ka: rubutu 4, dubawa 2, gwaji 3, misali. Idan ginshiƙin gwaji ya cika, mai rubutu ba shi da izinin turo sabo, ba shi kuma da izinin buɗe wani. Sai ya tashi ya taya a kwashe abin da ya taru. Makonnin farko ana jin takura, har wani ya zauna hannu rabbana na ɗan lokaci, kuma a nan shugabanni da yawa suke karaya su cire iyakar. Kuskure ne, ga dalili. A lissafin layin jira mafi sauƙi, mai hidima ɗaya da ayyuka masu zuwa ba tsari, idan mutum a cike yake rabin lokacinsa, jiran sabon aiki daidai yake da tsawon aikin kansa. Idan ya cika kashi 80, jiran ya ninka huɗu. A kashi 90, tara. A kashi 95, goma sha tara. Mai son ya ga kowa a duƙufe daga safe har yamma, dogon layi yake saya bai sani ba.

Wurin karanta kwanakin kati, a guji matsakaici, domin katuna biyu ko uku da suka daɗe suna iya jan sa inda ba ya wakiltar kowa. A jera katuna 40 na baya daga mafi sauri zuwa mafi jinkiri. Na 20 ya nuna tsakiya, a ce kwana 4. Na 34 ya nuna kashi 85 cikin ɗari, a ce kwana 11. Yanzu tawaga tana da abin faɗa wa mai buƙata ba tare da kintacen komai ba: cikin ayyuka irin wannan, kashi 85 muna gama su a kwana 11 ko ƙasa da haka.

Sai dai wannan duk labarin abin da ya wuce ne. Ma'aunin da ke ba da damar gyara tun kafin a yi ihu bayan hari shi ne shekarun katin da ke hannu. A taron tsaye na minti 15 da ake yi kullum, maimakon a zagaya kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, a bi allo daga dama zuwa hagu, a fara da katin da ya fi kusa da fita, a tsaya a kan wanda ya fi tsufa. Kati ya kai kwana 8, iyakarmu 11: me ya riƙe shi? Ko a tsaga shi biyu, ko mutum biyu su haɗu a kai, ko a ɗaga waya a kira wanda ake jiran amsarsa. Idan ka bi tarihin irin wannan katin rana-rana, sau da yawa za ka ga bai sha aiki ba, jira ya sha. Katin da ya yi kwana 12, aka taɓa shi a kwana 3 kacal, sauran 9 yana jiran dubawa ko sa hannun wani, kashi 25 ne kawai na rayuwarsa aiki. Matsa wa mai rubutu ya ƙara sauri a kwana ukun nan, an bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Da yawan abin da ake gamawa a mako ana iya yin hasashen da ya fi na maki ƙarfi. Rubuta lambobin mako 10 na baya a ƴan takardu, ka zuba a kwali. Zaro ɗaya, rubuta, mayar, sake zarowa, har jimilla ta kai yawan katunan da suka rage, ka ƙirga makonnin da aka ci. Sa kwamfuta ta maimaita haka sau dubu goma, ka duba makon da kashi 85 na gwaje-gwajen suka gama kafinsa. Hanyar Monte Carlo ke nan. A tuna a ƙara wa katunan da suka rage wani abu, don manyan cikinsu za su tsage su haihu idan aka zo kansu.

Sauri ba tare da inganci ba

Tawaga tana iya gama kati 10 a mako, 4 daga ciki gyaran ɓarnar makon jiya ne. Saboda haka a riƙa bambanta katunan da launi: sabon abu, gyaran kuskure, da biyan bashin gyare-gyaren da aka ɗage. Idan kason gyara yana hawa wata bayan wata, saurin da ake gani na aro ne. Binciken DORA kan yadda tawagogin manhaja ke fitar da aikinsu, wanda Nicole Forsgren, Jez Humble da Gene Kim suka tattara sakamakonsa a 2018, ya shahara da ma'aunai huɗu: sau nawa ake fitar da sabon canji ga masu amfani, tsawon lokaci daga rubuta canji zuwa isarsa gare su, kashi nawa na canje-canjen ke haddasa matsala, da tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a dawo da hidima idan ta tsaya. Hikimar haɗin ita ce biyu suna auna sauri, biyu suna auna natsuwa, wanda ya murɗa ɓangare ɗaya ɗayan zai tona shi. Binciken ya kuma nuna cewa tawagogin da suka fi sauri galibi su ne suka fi natsuwa, domin ƙaramin canji ya fi sauƙin gwadawa da janyewa.

Ɓangaren kuɗi

Masu riƙe da kasafi sun saba da lissafin ƙimar aikin da aka samu, wanda Ma'aikatar Tsaron Amurka ta shimfiɗa ƙa'idojinsa a 1967. Yana zama a Ajayil idan aka ɗora shi a kan aikin da ya cika sharuɗɗa. A ɗauka kasafi miliyan 12 ne, ko da wane kuɗi ake lissafi, zango 12, maki 300. Bayan zango na huɗu ya kamata a ce an samu aikin miliyan 4. An gama maki 75, rubu'in aikin, ƙimarsa miliyan 3. An kashe miliyan 4.2. Raba 3 da 4, ka samu 0.75 a ɓangaren lokaci. Raba 3 da 4.2, ka samu kusan 0.71 a ɓangaren kuɗi. In aka ci gaba a haka, aikin zai ci miliyan 16.8. Duk ranar da jimillar maki ta canza sai an sake lissafin daga tushe, in ba haka ba lambobin ƙarya za su yi. Kuma ƙimar da ake magana a nan ta kasafi ce, ba ta nuna ko abin da aka gina ya amfani kowa. Wannan sai an duba masu amfani: nawa ne suka taɓa sabon ɓangaren, nawa suka kai ƙarshen abin da suka zo yi, kiran neman taimako ya ragu ko ya ƙaru.

Idan hasashe ya zarce wa'adi

A ce wa'adi zango 7 ne, lissafi kuma ya ce 7 zuwa 10. Abin da za a iya taɓawa kaɗan ne. Ƙara mutane a aikin da ya riga ya makara yakan ƙara masa makara, kamar yadda Fred Brooks ya yi gargaɗi tun 1975, don tsofaffin hannu ne za su ajiye aiki su koyar da sababbi, hanyoyin magana kuma su yawaita: mutum 5 suna da hanya 10 a tsakaninsu, mutum 10 suna da 45. Ƙarin awoyi yana aiki mako ɗaya ko biyu, daga nan kurakurai su cinye ribar. Sassauta sharuɗɗan kammalawa kuwa ɗage wahala ne zuwa lokacin da ta fi tsada.

Abin da ya rage shi ne yawan aikin da jerinsa. Mai tsara fifiko ya zauna da jerin da aka jera daga mafi muhimmanci, a ja layi biyu. A saurin 21, zango 7 zai ci kimanin maki 147: duk abin da ke sama da wannan layin kusan tabbas ne. A saurin 31 kuwa duka 210 za su shiga, saboda haka maki 63 na ƙasa su ne ke cikin wataƙila. Sai a tambayi mai aikin ko akwai wani abu a cikin 63 ɗin nan da ba zai iya buɗe manhajar babu shi ba. In akwai, ya hau sama, wani mai girmansa ya sauko. Ana sake jan layukan a ƙarshen kowane zango, a zaman nuna aiki, da sababbin lambobi. A zaman waiwaye kuma, wanda Scrum ya yanka wa awa 3 a zangon wata ɗaya, tawaga ta zaɓi gyara ɗaya tak, misali rage iyakar ginshiƙin dubawa daga 3 zuwa 2, ta rubuta lambar da take sa ran za ta motsa, ta dawo bayan zango biyu ta duba ko ta motsa.